Land Cruiser 80, Land Cruiser 75 ko Defender 110: wace tsohuwa za ka saya ka gyara don shiga daji?

Damina biyu ke nan wani ƙanena yana fama da hanyar gonarsa. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin fadamar akwai rafi biyu da wani dogon taɓo wanda idan Agusta ta tsaya ko amalanke sai an tura. Ƙaramar motarsa ba ta ma gwadawa, sai dai ya biya 'yan babur su riƙa fito masa da buhuna ɗaɗɗaya. Sabuwar fowil kuwa, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, kuɗinta ya ninka na gonar. Rannan ya same ni bayan la'asar ya ce, "Yaya, na yanke shawara tsohuwa zan saya in gyara. Na ga guda uku, wacce zan ɗauka?" Ukun da ya gani su ne Land Cruiser 80, da Land Cruiser 75 a-kori-kura, da Land Rover Defender 110. Na riƙe Defender shekara huɗu, yanzu kuma 80 ce a hannuna, 75 kuwa na sha tafiya a cikinta, don haka amsar ta yi tsawo.

Abin da ya haɗa su ukun shi ne ƙirarsu ta da. Kowacce tana da shasi na ƙarfe mai kama da tsani wanda aka ɗora bodi a kai, da aksil guda miƙaƙƙe gaba da baya, da giyar ogzilare ta hawan dutse da fita daga laka. Ba su dogara da kwamfuta ba sai kaɗan daga cikinsu. Wannan ne ya sa bakaniken ƙauye mai sifana da guduma zai iya tashin su. Daga nan kuma kowacce ta kama hanyarta.

Toyota ta fito da 80 a 1990, ta ci gaba da ƙera ta a Japan har 1997. Ita ce ta gaji 60, kuma babban abin da aka sauya shi ne sifirin. Na 60 faifai ne, irin na manyan motoci, na 80 kuwa naɗaɗɗe ne a tayoyi huɗun. Wanda bai yi awa shida a kan hanya mai gargada ba ba zai gane girman wannan bambanci ba. A cikin 80 za ka sauka bayanka lafiya, tsofaffi da yara ma ba za su galabaita ba, kuma tayoyin suna bin ƙasa sosai idan ɗaya ta faɗa rami, ba su cika rataya a sama ba. Yawancinsu tayoyi huɗun suna ja koyaushe, da makulli a tsakiya, wanda ke tilasta tayoyin gaba da na baya su juya tare. Wasu sun zo daga kamfani da makullin aksil na gaba da na baya. Idan ka ga ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari an rubuta alamar makulli a kansa, ka gwada shi, in yana aiki ka samu abin da mutane ke kashe kuɗi da yawa su sa daga baya.

Maganar inji ita ce inda mai saye ya fi ruɗewa, don 80 ba inji ɗaya gare ta ba. Akwai 1HZ, na gas, lita 4.2, silinda shida, ba turbo, ƙarfin doki wajen 130. Akwai 1FZ na fetur, lita 4.5, wanda mai injekta ɗinsa ya haura doki 210. Akwai kuma 1HD-T na gas mai turbo.

1HZ ba shi da gudu. A hawan tudu da kaya za ka ga Golf ta wuce ka. Amma yana da haƙuri irin na jaki, yana jure gas ɗin jarka da ake saye a bakin hanya fiye da injinan zamani, kuma babu kwamfutar da za ta hana shi tashi. Abu biyu yake nema a wurinka. Na farko tayamin bel, a canza shi duk kilomita 100,000, don in ya tsinke fistin da bawul za su yi karo. Tunda ba ka san ranar da mai ita na baya ya canza ba, ka canza a makon da ka saya. Na biyu kada ya yi zafi, domin zafi yana tsaga tof silinda. Kuma ina roƙonka kada wani ya zuga ka ka ɗora masa turbo don neman gudu. Ba a gina fistin ɗinsa don wannan zafin ba, na ga wanda aka yi wa haka bai shekara ba.

1FZ inji ne mai daɗin tuƙi, shiru, mai ƙarfi, da sarƙa a maimakon bel. A yashi mai laushi inda ake son mota ta ɗauki wuta nan take, ya fi 1HZ nesa. Matsalarsa tanki. Yakan sha wajen lita 18 zuwa 22 a kilomita 100, a cikin rairayi ma fiye, alhali 1HZ yana tsayawa wajen 12 zuwa 14. Kafin 29 ga Mayun 2023 mutane a Najeriya ba su damu ba, fetur na da araha, shi ya sa yawancin 80 da za ka tarar a Kano ko Kaduna na fetur ne. Tun da aka cire tallafi lissafin ya juye. Idan ka je duba mai wannan inji, ka lura da gasket ɗin tof silinda, ya saba ƙonewa ta wajen silinda ta shida, can baya. Akwai kuma wani ɗan gajeren tiyon ruwa a ɓoye a bayan injin wanda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, shi ya sa ake barinsa har ya fashe a daji. Duk waɗanda aka shigo da su daga Amurka na fetur ne masu giyar otomatik, haka ma 'yar uwarsu Lexus LX450.

1HD-T ya haɗa ƙarfi da tsimin mai, sai dai na farkon fitowa an san su da cin metal ɗin kwanrod. Wanda ya same shi ya sa a buɗe ƙasan injin a canza metal kafin doguwar tafiya.

Ita kuwa 75, tana cikin dangin 70 da aka fara a 1984 kuma har yau ana ƙera su. Wannan dangin ne ake kira Buffalo a Najeriya, a Nijar kuwa duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Dirku ya san irin kayan da ake labta masu. Daga 1990 aka fara sa mata 1HZ, wato inji ɗaya da na 80. Sifirin faifai ne gaba da baya, gidan direba matsattse, kujera ta mutum uku in an matsa. Idan babu kaya a bayanta tana tsalle kamar ɗan maraƙi, sai ta ji nauyi take kwantawa. A 1999 aka maye gurbinta da 79, aka sa naɗaɗɗen sifirin a gaba, aka tsawaita faifan baya, aka kuma koma noti biyar a taya maimakon shida. Ka riƙe wannan, don rim ɗin 79 ba zai shiga 75 ba.

Babban ƙarfinta shi ne kayan gyara. Tunda dangin suna nan a kasuwa sama da shekara 40, sojoji da asibitoci da ƙungiyoyin agaji suna amfani da su, da wuya ka nemi abu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka rasa, haka a Zinder ko Njamena. Babban rauninta kuma daga wannan farin jinin ya fito. Babu wanda ya taɓa sayen 75 don zuwa ofis. Duk wadda ka gani ta yi bauta, an ɗora mata ninkin abin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma mai ita ba ya sayarwa sai ta gaji. Ga shi kuɗinta ba ya faɗuwa. Sannan akwai abin da dole a faɗa: irin motar da jami'an tsaro ke amfani da ita ce, ita ce kuma masu ɗauke da makamai ke kwaɗayi. A wasu yankunan za ka sha tambaya a shingen bincike. Kada ka yi mata fenti ruwan ƙasa ko kore, ka bar ta fara, takardunka kuma su kasance a kusa.

Defender ita ce nake jin ta a raina, ba zan ɓoye ba. Jikar Landirobar nan ce ta zamanin En'e da malaman dabbobi, wadda har yanzu 'yan uwanta ke hawa da sauka da kaya a tsaunin Mambila. An fito da 110 a 1983, aka raɗa mata suna Defender a 1990, aka daina ƙera ta a Solihull ta Ingila a Janairun 2016. Naɗaɗɗen sifirin gare ta tun farko, ta fi 80 rashin nauyi, ta fi ta siranta, kuma daga kujerar direba kana ganin inda kowace kusurwa ta tsaya. A hanyar duwatsu da ƙunci, ko taɓo mai zurfi, ban tuƙa abin da ya kai ta iya taka ƙasa ba.

Injin da za ka nema shi ne 200Tdi na 1990 zuwa 1994 ko 300Tdi da ya biyo baya, dukansu na gas, lita 2.5, silinda huɗu da turbo, doki tsakanin 107 da 111. Suna shan wajen lita 10 zuwa 11 a kilomita 100, mafi tsimi a cikin duk waɗanda na ambata. Td5 da ya zo a 1998 inji ne mai kyau, amma da kwamfuta yake aiki, ranar da ya ƙi tashi a ƙauye ba mai taɓa shi.

To me ya raba ni da ita? Ba ranar da ta taɓa bari na kwana a daji, gaskiya. Abin da ya gajiyar da ni shi ne jira. Wani ƙaramin gasket na wajen famfon ruwa ya fara yoyo, abin da bai kai tafin hannu ba, na zagaye shaguna har na gaji, ƙarshe sai da aka aiko daga Legas, mota na zaune kwana tara a tsakiyar aikin girbi. Sannan bakanike da ya saba da Toyota yakan taɓa ta da zullumi. Tana ɗigar da mai nan da can, ƙura da ruwan sama suna shigowa ta bakin ƙofa, dogon mutum kuma kafaɗarsa a jikin gilashi take. 300Tdi yana da wata ɗabi'a mai haɗari: idan ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, allurar zafi ba lallai ta nuna ba sai bayan ɓarna ta auku. Duk mai ita ya sa na'urar da ke ƙara idan ruwa ya yi ƙasa. Haƙoran sandar da ke haɗa giyabos da akwatin ogzilare su ma suna cinyewa a tsofaffin, za ka ji "ƙwas" duk lokacin da ka saki kuloci.

Bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, kuma nan mutane ke ruɗuwa. Shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, suna ruɓewa a ɓoye yayin da waje ke ƙyalli. Ka duba ƙarfen da ya gitta a can baya, da hannayen da suka fito daga shasi suna riƙe da bodi, da inda ƙafafunka ke takawa. Wani abu kuma: da yawa daga Ingila suke, sitiyarinsu a dama. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, mota mai sitiyari a dama ba ta da hurumi a titi, wadda aka juya mata sitiyari a gareji da walda kuwa ban yarda in sa iyalina a ciki ba.

Akwai ta huɗu da ƙanena bai gani ba, Nissan Patrol Y60 ta 1987 zuwa 1997. Injinta TD42 ba bel ba sarƙa, haƙoran ƙarfe ne ke juya shi, aksil ɗinta kuma da wuya ka ji an karya. In ka same ta da lafiya a farashi mai sauƙi kada ka raina ta, sai dai ka fara tambayar masu kayan gyara na garinku abin da suke da shi nata.

Yanzu ranar dubawa. Ka je da sassafe, ka kuma gaya wa dillali kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi an riga ka, ka dawo gobe. Inji mai sanyi ba ya ƙarya: yadda ya tashi, da kalar hayaƙin farko, su za su gaya maka halin ringi da nozul. Bayan ya ɗan yi aiki ka buɗe murfin zuba baƙin mai, in yana huci kamar tukunya ringi sun tafi. Kafin ya yi zafi ka leƙa bakin lagireto, kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gasket ce.

Amma kafin duk wannan, shiga ƙarƙashi. Ka tafi da tabarma da tocila da ƙaramar guduma. Inji ana sake shi, giyabos ana sake shi, shasi kuwa shi ne motar. Wadda ta fito daga ƙasashen ƙanƙara ta sha gishirin da ake zubawa a titi, wadda ta daɗe a Legas ko Kwatano ta sha iskar teku, duka tsatsa za ka nema. Ƙwanƙwasa ka saurara, lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa "dum" yake yi. Wadda ta rayu a arewa ba ta cika tsatsa ba, nata ciwon tsagewa ne saboda lodi da gargada, musamman wajen akwatin sitiyari da inda sifirin ke rataye. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota ba kwalliya aka yi maka ba, wani abu aka rufe. Ka nemo lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen ta wajen tayar gaba ta dama, ka gwada da ta takardun kwastan harafi da harafi. In akwai alamar walda ko goge a kewayenta, ka yi sallama ka tafi komai arahar. Da yake akwai iyakar shekaru kan motocin da ake shigowa da su, wadda ta riga ta shigo da cikakkun takardu za ka nema.

A Toyota ɗin biyu ka dubi ƙwallon ƙarfen nan da ke ƙarshen aksil na gaba, bayan taya. In ya jiƙe da wani baƙin kunu, sil ɗin ciki ya mutu, man aksil ya haɗu da giris. Ka karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali da tayoyi huɗu suna ja, in ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" mahaɗin ciki ya cinye. Ba dalilin fasa ciniki ba ne, kusan kowacce sai an yi mata wannan aikin, amma dalilin rage kuɗi ne. Ka sa ogzilare ka cire da hannunka, kada ka yarda da "yana yi, Alhaji."

Idan ta zama taka, a nan ne yawancin mutane ke ɓata kuɗi. Ranar da na kai tawa gareji, da hoton manyan tayoyi da ƙarfen gaba a wayata na je. Tsohon bakaniken da ke duba min ya kalli hoton ya miƙo min wayar ya ce, "Alhaji, bari mu fara sa ta ta riƙa tsayawa in an taka birki, sannan mu yi maganar ado." Tsarin da ya bi da ni shi nake ba kowa. Ruwa tukuna: lagireto a wanke ko a sake, duk tiyo, famfon ruwa, da kulocin fanka. A mayar da tamostat in an cire, don al'adar cire shi da sunan ƙasarmu da zafi tana hana inji zama a ɗumin da aka tsara masa. Sai birki gaba ɗaya har da fayif, sai tayirod da bushin da boris ɗin tayoyi, sai aksil na gaba, sai a zubar da kowane mai a zuba sabo. Wayarin da aka yi ta yanka ana ɗaurewa da leda a bi shi a gyara, gobara daga nan take tashi. A wurare irin su tayamin bel, sil da boris, ka sayi na asali ko da za ka jira wata guda kana tara kuɗin. Araha ba ta ado, balle a inda sai an sauke rabin mota kafin a kai ga abin.

Bayan wannan ne taya. A 75 da Defender, 7.50R16 ko 235/85R16 sun wadatar, kuma ana samun su a garuruwa da yawa. A 80, 265/75R16 ta isa. Manyan tayoyi suna ƙara shan mai, suna raunana birki, suna karya mahaɗin aksil, kuma ranar da ɗaya ta fashe a ƙauye ba za ka samu irinta ba. Ɗaga mota ya tsaya a inci biyu. Fiye da haka sitiyari zai fara yawo, furofela ta fara rawa, motar kuma ta fi saurin kifewa, musamman in an labta kaya a rufi. Kafin winci, wato na'urar janyo mota in ta maƙale, ka sayi famfon iska mai kyau da ma'auni, da shebur, da igiyar ja, da safaya biyu. Rage iskar taya zuwa wajen PSI 18 a ma'aunin iska a cikin yashi yana fitar da mota daga inda ƙarfin inji ya kasa, in dai kana da abin mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Bututun shaƙar iska na sama kuwa ina goyon bayansa, don ƙurar rani ma kafin a zo maganar rafi.

Game da kuɗi, shawarata kada ka kashe fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ka tanada wajen saye. Ragowar ta gyara ce, kuma za ta ƙare.

Ga yadda na raba wa ƙanena. Wanda mutane zai riƙa ɗauka, iyali ko ma'aikata, da tafiya mai nisa da ta haɗa kwalta da daji, 80 mai 1HZ da giyar hannu zai nema, in bai samu ba sai mai fetur, bayan ya zauna ya lissafa man da zai sha a wata. Wanda yake son sifana a hannunsa, yana da wata motar ta yau da kullum, kuma ya san inda zai yi odar kaya, Defender mai Tdi za ta faranta masa fiye da sauran, hanyarsa in ta duwatsu ce ma ta fi dacewa. Shi kuwa ƙanena buhunan shinkafa da taki da injin ban ruwa zai ɗauka, bakaniken da ya fi kusa da gonarsa kuma Toyota ya sani. Na ce masa 75. Mun koma tare muka shiga ƙarƙashin wadda ya gani, muka tarar an yi wa shasinta faci a wuri biyu kusa da sifirin baya, waldar ma ta fara buɗewa. Mun bar ta. Akwai wata da aka kwatanta mana a wajen Haɗeja, ranar Asabar za mu je da tabarma da tocila.